Babi na Bakwai: Wane Gari Ɗan Nima Zai Zaɓa a Bayan Legon?

Maganar sayen fili ba ta tasowa a gidajen Nima da Mamobi don marmari. Tana tasowa ne ranar da mai gida ya aiko cewa wa'adin haya ya cika, kuma yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali Dokar Haya ta 1963 ta hana shi karɓar abin da ya wuce na wata shida. Ko kuma ta taso ranar da aka raba gadon gidan kaka, aka tarar magada sun fi ɗakuna yawa, wanda ya tsira da ɗaki ɗaya kuwa ga 'ya'ya suna tasowa, maza da mata, babu inda za a raba musu makwanci. A ƙidayar 2021 yankin Babbar Akra ya haura mutum miliyan 5.4, ya zarce yankin Asante da ya daɗe yana kan gaba, kuma gwamnati da bakinta tana ƙiyasta cewa ƙasar na da giɓin gidaje wajen miliyan 1.8. Nima ba ta da inda za ta miƙe ƙafa. Ring Road ta tokare ta daga kudu, Kanda daga gabas, New Town daga yamma, Mamobi kuma da ke arewa da ita ta cika maƙil tun tuni. Wanda ya tara ɗan abin da ya tara, daga sayar da shinkafa da wake ne, ko tuƙin mota, ko kuɗin da ɗa ke aikowa daga Jamus ko Amurka, dole ya dubi bayan gari.

Hanyoyin fita kuwa sanannu ne. Akwai ta yamma, wadda ta bi ta mahaɗar Malam da Weija ta faɗa Kasoa. Akwai ta Achimota zuwa Pokuase da Amasaman, kan hanyar Kumasi. Akwai ta gabas, wajen Ashaiman da bayan Tema. Sai ta arewa maso gabas, wadda ta ratsa Shiashie da Okponglo, ta wuce ƙofar Jami'ar Gana da ke Legon, ta shiga Madina da Adenta, sannan ta rabu biyu a Adenta Barrier: reshe ɗaya ya nufi Pantang da Oyarifa da Ayi Mensah har tsaunin Aburi, ɗayan ya bi Frafraha da Amrahia da Oyibi zuwa Dodowa. Dillalai sun fi tura talaka yamma, domin can ne za su nuna masa fili mai faɗi da kuɗin da yake riƙe da su a hannu. Ni kuwa ina ganin iyalin Zango da ke neman gidan zama, ba filin ajiya ba, sun fi cin riba idan suka ɗauki ƙaramin fili mai tsabtar takarda a bayan Legon, ko da rabin fuloti ne, fiye da cikakken fuloti a inda babu abin da ke riƙe da garin sai arhar ƙasa. Wannan ra'ayi yana da masu suka, kuma wasu daga cikin hujjojinsu masu nauyi ne, don haka za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjar farko ita ce jami'a maƙwabciya ce da ba ta ƙaura. An kafa ta a 1948 da sunan Kwalejin Jami'a ta Gold Coast, ta fara zama a Achimota kafin ta koma tudun Legon, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Daga lokacin zuwa yau Gana ta ga juyin mulki a 1966 da 1972 da 1979 da 1981, ta ga masana'antun gwamnati da dama sun rufe ko an sayar da su, ta ga an canza takardun kuɗi a 2007, amma kowace shekara sababbin ɗalibai suna sauka a Legon da akwatunansu. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Jami'ar UPSA tana tsakanin Legon da Madina, makarantar sakandare ta Presec tana gefen hanya, Kwalejin Jami'ar Musulunci tana Adjiringanor, Wisconsin tana Agbogba, Valley View tana Oyibi, Ashesi ta koma Berekuso a 2011. Ƙara da Cibiyar Binciken Lafiya ta Noguchi da aka buɗe a 1979, da babban asibitin jami'ar, da Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya. Kowace daga cikinsu tana biyan albashi a ƙarshen wata, albashin nan kuma a kasuwar Madina yake ƙarewa, wajen mahauci da tela da mai walda da mai tuwo. Garin da ke rayuwa da masana'anta ɗaya yana mutuwa ranar da aka kulle ta. Garin da ya jingina da tarin makarantu da asibitoci yana da masu neman ɗaki da masu neman abinci muddin ana haihuwa a ƙasar, kuma wannan shi ne abin da ke riƙe darajar gida shekara talatin bayan an gina shi.

Hujja ta biyu ta fi shafar mutanenmu kai tsaye: wannan hanya tana da Zango a tsakiyarta. Madina ba garin da 'yan Zango suka je suka tarar ba ne. A 1959 aka kafa ta, lokacin da aka tashi mazauna Shiashie, suka koma filin da masarautar La ta ba su a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo. Haka Nima ta faro a shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya samu wuri daga hannun wani gida na mutanen Osu, haka kuma Malam Baƙo ya buɗe Sabon Zango tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, bayan tsohon Zangon cikin gari ya yi wa mutane kaɗan. Fita bayan gari a kafa sabuwar unguwa tsohuwar al'adarmu ce a Akra, kuma kowane karo magabata sun yi ta ne a jama'ance, da limami da sarki da mahauta. Madina ta girma a inuwar jami'ar, ma'aikatan da ba su samu gidan gwamnati a Legon ba suka riƙa kama haya a can, har ta zama hedikwatar ƙaramar hukumar La Nkwantanang Madina a 2012. Amfanin wannan ga mai sayen fili a Oyarifa ko Frafraha a fili yake. Masallacin Juma'a, da makarantar allo da ta Islamiyya, da naman da aka yanka bisa shari'a, da masu wankan gawa, da malamin da zai raba gado, duk suna nan kusa. Wanda ya taɓa ganin yadda iyali ke ruɗewa idan aka yi rasuwa da dare a unguwar da babu Musulmi goma, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun komawa Nima, wanda yawancin masu saye suke raina shi a lissafinsu. Ɗan Zango yana ƙaura da katifarsa ne, amma rayuwarsa tana nan inda ya bari na tsawon shekaru. Shagonsa yana Nima, adashinsa yana Nima, uwarsa ba za ta bar ɗakinta ba, kuma suna da ɗaurin aure da jana'iza ba sa jiran ranar hutu. Musulmi ana binne shi ne a ranar da ya rasu ko washegari, saboda haka wanda ke zaune inda sai ya shafe awa uku a hanya zai riƙa isa bayan an dawo daga maƙabarta, kuma bayan 'yan lokuta za a daina kiransa. Daga Adenta zuwa Nima hanya ce miƙaƙƙiya ta Tetteh Quarshie da 37, motocin haya na trotro ba sa yankewa a kanta tun asuba har dare. Daga bayan Kasoa kuwa mutum zai tsallaka iyakar yanki, ya bi ta Weija da Malam inda motocin yammacin ƙasar gaba ɗaya suke matsewa, sannan ya ratsa gari. Kasoa tana da Zango babba mai albarka, kuma wanda sana'arsa ta koma can baki ɗaya ba shi da dalilin jin wannan magana. Wanda abincinsa ke Nima kuwa, ya ɗauki kuɗin mota na mutum biyu a gidan, zuwa da dawowa, kwana shida a mako, ya ninka shi shekara goma, ya ɗora a kan kuɗin filin. Sau da yawa arhar nan a motar take ƙarewa.

Suka ta farko ita ce ta kuɗi, kuma gaskiya ce. Mai suka zai ce, ai sunan Legon kansa tsada ne, wa zai kai talakan Mamobi can? Idan East Legon ake nufi, ko Adjiringanor, ko North Legon, to maganarsa ta zauna, domin a can da dala ake yi wa gida kuɗi, kuma bayan abin da ya sami sidi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, duk mai samun kuɗinsa da sidi ya san bai kamata ya ɗaure wuyansa da dala ba. Madina kanta da Haatso da Agbogba da Ashaley Botwe sun cika, abin da ake samu a can tsofaffin gidaje ne da magada ke sayarwa. Inda nake nufi shi ne bayan Adenta Barrier, wato Frafraha da Amrahia da Oyibi ta ɓangaren Dodowa, da Oyarifa da Danfa da Abokobi ta ɓangaren tsauni. Ko a nan fili ya fi na bayan Amasaman tsada, ba a musu. Amma fulotin da aka saba yankawa a Akra ƙafa 100 ne a kan ƙafa 70, kuma iyalin da suka rayu shekara ashirin a ɗaki da falo ba sa bukatar wannan duka kafin su numfasa. Rabinsa yana ɗaukar ɗakuna uku da falo da kicin da banɗaki, da ɗan tsakar gida na shanya da alwala, kuma idan aka zuba tushe mai ƙarfi tun farko ana iya hawa bene daga baya. 'Yan'uwa biyu suna iya haɗa kuɗi su sayi fuloti ɗaya, da sharaɗin a raba shi a takarda tun ranar farko, kowa da taswirarsa da sunansa, domin zumuncin iyaye ba ya zama hujja a hannun jikoki.

Suka ta biyu ta fi ta farko haɗari, kuma masu son wannan yanki ba sa son a ambace ta. Abin da ya sa yankin ya yi daraja, wato yawan hukumomi, shi ne kuma ya sa filayensa suka fi ko'ina tarko. Gwamnatocin baya sun karɓe manyan filaye a nan don jami'a da Hukumar Nukiliya da asibitin Pantang da cibiyoyin binciken noma da dabbobi. Wasu ba a taɓa gina komai a kansu ba, wasu kuma iyalan da aka karɓe daga hannunsu suna cewa ba a biya su diyya ba, sai suka koma suna yankawa suna sayarwa. Mai saye yana ganin daji da turakun siminti da dattijon da ya rantse cewa ƙasar kakansa ce, ba ya ganin takardar gwamnati da ke kwance a ofis tun kafin a haife shi. A 2022 aka kai motocin rusau filin Cibiyar Binciken Dabbobi da ke Frafraha, aka rushe gine-ginen da mutane suka zuba guminsu a kai. Da yawa daga cikinsu da kuɗinsu suka saya, kuma suna da takardu a hannu. Takardar ce ba ta fito daga mai haƙƙin bayarwa ba.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne, haƙuri kawai yake bukata. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gana tana hannun masarautu da dangi da iyalai, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya hana sayar da ƙasar masarauta sayarwa ta har abada. Abin da ɗan ƙasa yake samu yawanci haya ce ta shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Wannan sharaɗi na biyu ya shafi wasu gidajen Zango da har yau ake yi musu gardama wajen karɓar katin ɗan ƙasa, kuma al'ummar da ta ga abin da dokar korar baƙi ta 1969 ta yi wa dukiyar mutane ba ta bukatar a tuna mata muhimmancin sunan da ke kan takarda. Kafin a ba da ko sidi ɗaya, a ɗauko safiyo mai lasisi wanda mai saye ne ya kira shi, ba mai sayarwa ba, ya auna wurin ya fitar da taswira. A kai taswirar Hukumar Filaye a nemi bincike a rubuce, a ga sunan wa ke kan wurin, ko akwai shari'a a kansa, ko gwamnati ta taɓa karɓe shi. A tambayi maƙwabtan da suka riga suka gina wa ya sayar musu, kuma ko an taɓa zuwa musu da wata takarda. Idan ƙasar iyali ce, sa hannun shugaban gida shi kaɗai ba ya isa sai da manyan gidan. Dokar Filaye ta 2020 ta sa sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya zama laifin ɗauri, ita da wata doka ta 2019 kuma sun haramta aikin 'yan daban fili da ake kira langad, amma har yanzu suna zuwa neman kuɗin haƙa tushe, a Oyibi kamar yadda suke zuwa a Kasoa. Dillalin da ya ce a yi sauri domin wani Alhaji yana zuwa da kuɗi gobe, a bar wa Alhajin. Kuma kasancewar dillali ɗan unguwa ne da ake sallah sahu ɗaya da shi ba ya maye gurbin binciken hukuma, domin shi ma sau da yawa abin da aka gaya masa yake faɗa.

Akwai kuma masu cewa hanyar Madina ba aljanna ba ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Cunkoson Shiashie da Okponglo da safe yana cin rai. A watan Oktoba na 2017 tashar gas ta fashe a Atomic Junction, aka rasa rayuka, ɗalibai suka kwana suna gudu. A Nuwamba 2018 mota ta kashe wata ɗaliba a kan babbar hanyar Madina zuwa Adenta, inda aka bar gadojin masu tafiya a ƙasa shekara da shekaru ba a gama ba, mutanen gari suka tare hanya da ƙona tayoyi. Adenta kuma ta yi shekaru tana sayen ruwan tanka kafin aikin faɗaɗa ruwan Kpong ya iso a ƙarshen 2014, kuma har yau akwai unguwannin da famfo bai kai ba. Sai dai a lura da abin da ya biyo bayan zanga-zangar 2018: cikin watanni aka koma aikin gadojin aka gama su. Yankin da malaman jami'a da 'yan jarida da manyan ma'aikata suke bi kullum, kukansa yana isa kunnen gwamnati da wuri, talakan da ke zaune a cikinsu kuma yana cin wannan albarkaci. Duk da haka kowane fili da halinsa. A je a gan shi a watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, domin ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Akuapem yana da hanyoyinsa, kuma mutanen da suka girma a bakin babban kwatamin Nima, suka kuma ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, bai kamata a sayar musu da kwari da rani ba.

Ɗalibai su ne ribar da ake yawan ambata, kuma a nan ma gara a rage zumuɗi. Gaskiya ne tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 masu shiga jami'a suka ƙaru, ɗakunan kwanan Legon kuma ba sa isa. Amma ɗalibi yana neman inda zai taka da ƙafa ko ya hau mota ɗaya gajeriya, ba zai je Danfa ya kama ɗaki ba. Masu hayar da za su zo wa mai gida a bayan Adenta su ne ƙananan malamai, da nas-nas, da masu hidimar ƙasa, da sababbin ma'aurata, kuma su ne suka fi dacewa da gidan da iyali ke ciki, ga wanda ke tsoron tarbiyyar 'ya'yansa. Ɗaki biyu masu ƙofar waje da banɗakinsu suna iya ɗaukar nauyin ƙarasa sauran ginin. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin mutanenmu ba za su je banki ba, wasu saboda riba haramun ce, wasu saboda ruwan bashin gida da sidi ya yi shekaru yana sama da kashi 20 cikin ɗari. Da bulo ɗari biyu yau, buhun siminti goma gobe ake gina gidan ɗan Zango, shekara biyar ko takwas. Gini irin wannan yana son ido, kuma filin da mai shi zai iya leƙawa bayan la'asar ya dawo kafin isha'i ya fi wuyar sata fiye da wanda sai an yi shirin tafiya. Ribar da ta fi haya girma kuwa ita ce yaron da zai tashi yana ganin ƙofar jami'a ta tagar trotro kullum, wanda idan ya samu gurbi zai iya zuwa daga gida ba tare da uban ya nemo kuɗin hostel ba. Ga 'ya mace musamman, a gidajen da har yanzu ake jin nauyin barinta ta kwana a makaranta, wannan kusanci yana iya zama abin da zai sa a bar ta ta yi digiri.

Suka ta ƙarshe daga dattawa take fitowa, kuma ita ce na fi girmamawa. Suna cewa idan duk wanda Allah ya buɗa wa ya tattara ya fita, wa zai rage a Nima ya gyara ta, wa zai riƙe makarantu da masallatai, wa zai tsaya wa unguwa idan masu kuɗi suka zo sayen gidajen gado? Tsoron nan yana da tushe, domin Nima tana tsakiyar birni, kusa da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi da Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021, kuma ƙasarta ta fi gine-ginen da ke kanta daraja nesa ba kusa ba. Amma cunkoso ne yake sa magada su sayar, idan mutum ashirin suka rasa yadda za su raba ɗaki takwas. Gidan da biyu ko uku daga cikin 'ya'yansa suka samu nasu a waje ya fi iya riƙe na gado, ya gyara shi, ko ya rushe ya tayar da bene da sunan iyali. Sharaɗin kawai shi ne waɗanda suka fita su kasance inda za su iya halartar taron gida, su biya nasu kason, su sa hannu idan ana bukata. Wanda ke Oyarifa ko Amrahia yana iya yin sallar Juma'a a Nima, ya zauna taron magada, ya gaida tsofaffi, ya koma gida ya kwana.